Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Me ƙasa ta yi maka?

Salamu alaikum jama'a. Wancan sati na tsaya a inda na faɗi jarrabawar BEPC ta ƙarshen koleji karo na farko, to yau ku yi min haƙuri zan ɗan kauce, dan jiya da asuba na ga wasu samari suna gudu a hanyar Mirya, ɗaya daga cikinsu tun daga nesa kake jin ƙafarsa fat fat fat a kan kwalta, sai Kawu ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa.

Kawu kun san shi, wan Inna, tsohon soja. Ranar da ya fara ganin guduna a bayan Birni bai ce sannu ba, cewa ya yi "kai yaro, me ƙasa ta yi maka kake dukanta haka?" Na ji haushi wallahi, dan lokacin ni ne na ɗaya a ajinmu kuma metir ɗinmu na wasanni, wato malaminmu, kullum ihunsa ɗaya ne, buɗe ƙafa, buɗe ƙafa! Ni kuma in wurga ƙafa can gaba, gwiwa a miƙe, dunduniya ta caki ƙasa. Ba zan faɗi sunan metir ɗin ba, yana raye, amma shi ya ɓata min ƙwauri, kuma da na ce masa ina jin ciwo a gaban 'yan mata ya ce lalaci ne.

Wata safiya cikin sanyin hunturu Kawu ya ja ni wani fili mai yashi, ya karyo reshe ya share wurin, ya ce cire takalmi ka wuce da gudu. Na wuce. Ya kamo hannuna muka tsuguna kan sawun, kowace dunduniya ta haƙa rami, yashi ya taru a gabanta. Ya ce ka gani? Kana gudu kana taka birki, duk wannan dukan ƙwaurinka da gwiwarka ke shan shi. Sai shi ya wuce, tsoho da tumbinsa, sawunsa kusa da juna, ba rami, ko ƙara ban ji ba. Ya ce ƙafa ta sauka ƙarƙashin ƙugunka, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka rage faɗin taku ka ƙara yawansa. Yana tafa hannu ina bin tafin. Kafaɗa ƙasa, ido gaba, hannu kamar ka riƙe ƙwai, kar ka fasa kar ka yar, kuma kar hannun ya riƙa tsallaka ƙirji. Karkatawa gaba daga idon sawu take, ba daga ƙugu ba.

Shekaru da yawa bayan nan, da waya ta zo, na karanta cewa wani koci ɗan Amurka, Jack Daniels, ya ƙirga takun manyan 'yan gudu a gasar Olamfik ta 1984 ya samu kusan duk suna yin 180 ko fiye a minti. Ba dole kowa ya kai nan ba, in kai mai dogon taku ne ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ma yana rage wa gwiwa nauyi. Kawu bai san wani Jack ba, tafi kawai yake. Shi gwaninsa Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci maraton a Rum ba takalmi a 1960, shekarar da muka samu 'yanci, kilomita 42 da ɗoriya. Kullum sai ya ce kana jin wannan dukan ƙasa ya yi ya kai?

Amma fa ban ji magana ba, gaskiya ɗaya ce. Da konkur, wato jarrabawar shiga aikin kaki, ya matso, a sati biyu na ninka gudun da nake yi, safe da yamma, kan kwalta, da wani takalmin baskit na jika biyu da na saya a kasuwar Dole, kuma da na gaji sai tsohon takun metir ya dawo. Saura kwana shida ko taka ƙafar hagu ba na iyawa, likita ya danna ƙashin na yi ƙara, ya ce hutu wata biyu. Abokaina uku suka tafi, ɗaya yanzu ya kai muƙamin adjudan. Kawu ya zo dubiya ya zauna bakin tabarma, Inna ta kawo masa fura, ya sha, ya kalli ƙafar ya ce "to, ta rama." Shi ke nan abin da ya faɗa.

Metir kuwa mun haɗu wajen wani ɗaurin aure a Zango lokacin Zinder Sabuwa, bikin ranar jamhuriya da aka yi a Zinder a 2018, har yana gaya wa mutane wai shi ya koya min gudu. Na yi shiru saboda furfura.

Yaron jiya na tsayar da babur na kira shi, na ce ɗana me ƙasa ta yi maka? Ya cire abin kunnensa ya ce Baba lafiya? Mun yi da shi gobe bayan sallar asuba a filin yashi, ko zai zo oho. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma kan BEPC da yadda Baba ya tura ni shagon tela.