Kafin ka bari a yi wa fankar motarka dayarek

Duk matashin da ya sayi tsohuwar mota 'yar Kwatano, ko aka bar masa ta gida, ba za a daɗe ba wani zai ba shi shawarar nan a gareji: a cire tamostat, a yi wa fanka dayarek, wato a haɗa ta da wuta kai tsaye ta riƙa juyawa muddin mota tana kunne. Hujjar kullum ɗaya ce, wai Turawa sun sa waɗannan kayan ne saboda sanyin ƙasarsu, mu kuwa zafi gare mu. Haka aka faɗa mini a kan Golf 3 ɗina, na yarda, har ni ma na riƙa ba wasu shawarar. Ƙarshenta gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone, aka sauke kan injin aka kai gogewa, kuɗin da suka tafi sun ninka na ɗan suwic ɗin fanka da na ƙi saya ninkin ba ninkin. Ba na so ku bi ta inda na bi, ƙannena.

Injin mota ba don ya yi sanyi aka ƙera shi ba. Yana da zafin da ya fi jin daɗin aiki a kai, wajajen digiri 90. A Golf, tamostat yana tare ruwa a cikin injin har sai ya kai kusan digiri 87, sannan ya buɗe ya sake shi zuwa lagireto. A jikin lagireton akwai suwic mai ƙafa uku da aka ɗaure kansa cikin ruwa. Ruwan na kaiwa 95 zai tayar da fanka a ƙaramin gudu, in ya kai 102 ya sa ta babban gudu, in ya sauko 84 ya kashe ta. Lambobin nan a rubuce suke a jikinsa. Saboda haka in ka ga allura ta zauna a tsakiya, fanka tana tashi tana tsayawa, lafiyar motarka ƙalau. Ni a lokacin allura na zuwa 90 gabana yake faɗuwa, wannan tsoron ne ma ya kai ni gareji tun kafin wani abu ya lalace.

Da matsalar gaske ta zo kuma, ban tsaya na lura da lokacin da take zuwa ba. Na ce wa bakanike kawai, "Oga, tana oba-hitin." Alhali rabin aikin yana cikin tambaya ɗaya: a tsaye take zafi ko a guje? Motar da ke zuwa Zariya daga Kano lafiya lau, amma tana shiga cunkoson Kantin Kwari allura ta fara hawa, to iska ce ba ta samu, ka nufi fanka da wayoyinta. A kan babbar hanya iskar gudu ta ishi lagireto, fankar ma hutawa take yi. In kuwa a gari lafiya, sai ka taka ta a hanya ko ka hau tudu da lodi take zafi, to ka bar fanka ta sarara. Ka duba lagireton da ya toshe, ko tamostat da ya maƙale, ko wata-famfo, mai tura ruwa ya zagaya injin, da fukafukansa suka cinye. Wadda take zafi ko'ina kuma tana shan ruwa, yoyo take yi, ko dai gasket ya riga ya tafi.

A ce fankar ce ba ta tashi. Wuta tana fitowa daga batir, ta bi fiyus, ta bi suwic da rile (ɗan makunnin da ke sakar wa fanka babbar wuta), ta isa motar fanka, ta koma ta wayar as, wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota. Ko'ina a nan tana iya yankewa, kuma duba su ba ya cin rabin awa. Fara da fiyus, don shi ne mafi araha. Sannan ka zare soket ɗin suwic, ka ɗauki ɗan guntun waya ka haɗa ƙafar da ke da wuta da ɗaya daga cikin sauran biyun. A Golf ɗaya za ta ba ka ƙaramin gudu, ɗaya babba. In fanka ta tashi, motarta da wayoyinta lafiya, zargi ya koma kan suwic. In ta ƙi, sai mai wayarin ya ba ta wuta kai tsaye daga batir, don gwaji kawai, a gane ko ita ce ta mutu ko hanyar ce ta yanke. Ka janye yatsunka da hannun rigarka daga fukafukan, don fankar Golf tana tashi ko da makulli yana aljihunka. Tsofaffin Honda ma haɗa ƙafafu biyun ake yi. Amma da yawa daga cikin tsofaffin Toyota akasin haka aka yi su: makulli a kunne, kana zare soket ɗin fanka za ta tashi da kanta. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta canza kayan da ba su da laifi.

Ko da zargi ya koma kan suwic, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Shi zafin ruwan da ya taɓa shi kawai ya sani. In ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta shige bayan an canza tiyo, kansa a busasshen wuri yake zaune, injin zai tafasa shi bai ji komai ba. Haka in tamostat ya maƙale a rufe, ruwan zafin ba zai iso lagireto ba balle ya same shi. Ka taɓa tiyon sama da na ƙasa a hankali bayan injin ya ɗau zafi. In allura tana sama amma tiyon ƙasa da sanyinsa, ruwa ba ya zagayawa, kuma ko sabon suwic goma ka ɗaura ba abin da zai canza.

Dayarek kuwa, ga abin da ya yi mini. An ja wata siririyar waya daga wutar makulli, aka murɗa ta da hannu, aka naɗe da baƙin tef, babu fiyus babu rile. Fankar da aka yi ta don ta yi 'yan mintoci ta huta, sai ta koma juyawa tun daga tayar da mota har kashe ta, har da asubahin hunturu. Kabon ɗin cikinta ya yi ta cinyewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunnena da na rasa. Da, ina tsaye a danja zan ji fanka ta tashi, in ji ta tsaya, na san komai yana kan hanya. Da ta zama kullum a kunne sai na daina sauraronta, ranar da ta yi shiru ma ban lura ba. Cikin zafin Afrilu ne, esi a kunne, ina hira. Warin ruwan zafi ne ya sa na kalli allura, ta riga ta shiga ja. Daga baya da aka kwance tef ɗin, robar wayar ta narke ta manne da shi. Allah ne ya kiyaye gobara.

Wani abu kuma da masu dayarek ke yawan yi, su juya wayoyin biyu, fanka ta koma tura iska gaba maimakon ta jawo ta. Za ka ji ƙara, ka ga tana juyawa, amma a guje faɗa take yi da iskar hanya. Sa takarda a gaban lagireto: in ya tsotse ta ta manne, daidai ne.

Cire tamostat shi ma ba magani ba ne. Injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin jikinsa. A wasu injinan ma tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin, in babu shi wani ruwan zai riƙa zagaye lagireto gaba ɗaya. In ya lalace, a sa sabo.

Ruwa ma na yi sakaci da shi. Na rijiya, na bohol, na leda, duk wanda ya zo hannu. Shi ne ke barin farin gishiri da tsatsa har ramukan lagireto su toshe. Kulant na gaske, ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa, yana hana tsatsa, ba launinsa ake saya ba. Murfin ruwa kuma aikinsa ya wuce rufewa, matsi yake riƙewa. Ruwan da ke tafasa a digiri 100 a tukunya, in an matse shi da "bar" ɗaya (ma'aunin matsi ke nan) sai ya kai wajen 120. Murfin da robarsa ta tsage zai bar ruwa ya tafasa da wuri, ka yi ta zargin fanka a banza.

In allura ta fara hawa kana tafiya, kashe esi, ka buɗe hita har ƙarshe in ba a toshe ta ba, ka nemi gefen hanya ka kashe injin. Kada ka buɗe murfi. Na taɓa yi da tsumma a hannu, tururin ya sale mini fatar wuyan hannu, kuma na ga wanda ya same shi a fuska. Kada ka yarda masu taimako su kwara wa injin ruwan sanyi, kan aluminiyam lanƙwashewa yake yi. Jira har sai ka iya riƙe tiyon sama ka matsa shi, sannan ka buɗe a hankali. Bayan ka isa gida ka duba alamun gasket: farin hayaƙi a salansa da ba ya ɗaukewa, kumfa tana ta ɓulɓulowa a robar ruwa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Ka ga ɗaya daga ciki, ajiye motar.

Wuri ɗaya na yarda da haɗa fanka kai tsaye: suwic ya mutu maka a hanya, tsakanin gari da gari. Nan ka sa guntun wayar a soket ɗinsa, ta yadda wutar za ta ci gaba da bi ta fiyus, ka kai kanka gida, ka zare shi kafin ka kwanta don kada ya shanye batir. Washegari ka kwance tsohon suwic ɗin, ka tafi da shi a hannu Ƙofar Ruwa ko Panteka ko duk inda kake sayen kaya, ka karanta lambobin jikinsa da idonka, ka karɓi mai irin su. Bayan an ɗaura an cika ruwa an fitar da iska, kada ka bar garejin sai ka tsaya ka ga fanka ta tashi da kanta, ta kuma tsaya da kanta.