Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tulun Goggo

Makon jiya na ce zan ci gaba da labarin aurena, amma ku yi haƙuri, zancen tulun nan ya hana ni barci.

Goggo ce ta tara mawaƙan Zumuntar Mata na ƙauyenmu, su bakwai, a gindin ɗorawa bayan majami'a. Tulu biyu, caki, da tsohuwar garma da ake bugawa da ƙusa, kayan kiɗan ke nan. Kullum maganarta ɗaya: "Mai jan baki in ta gaji a canza ta, mai tulu in ta gaji waƙa ta mutu." Ina da shekara 12 ta ɗora mini tulun a cinya. Lokacin da ƙungiyar wa'azin bishara ta Sabon Rai Don Kowa ta shigo ƙasarmu, da shi na bi su ƙauye ƙauye har tafin hannuna ya yi kanta.

A 1976 aka ce mu je Jos a ɗauki muryarmu a Muryar Bishara, ɗakin shirye-shiryen rediyon Kirista. Yaran yanzu ba su san girman abin ba. Daga Jos ake aika faifan Addis Ababa, daga can a watsa shi ta gajeren zango, har Nijar da Kamaru a ji. Motar mutum 12 za ta ɗauka. Sai wata, ba zan kira sunanta ba don jikokinta suna karanta wannan, ta ce ai mai ciki ba ta iya rungumar tulu, a ba ƙanwarta. Ni kuwa cikina wata huɗu ne fa!

Na ce, "Goggo, ni fa?"

Ta ce, "Yi shiru, 'yata."

Ita da bakinta ta ce in mai tulu ta gaji waƙa ta mutu. To ni ban gaji ba.

Suka je suka dawo suna ta fankama. Kowace yamma mu kewaye rediyon Malam muna jira. A Maris 1977 gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar, ba mu taɓa jin faifan ba. Allah ya gafarta mini, ranar na shiga ɗaki na yi dariya.

Bara da muka yi bikin godiya, yarinyar da ke kiɗa da soso take buga bakin tulun, wai hannu na zafi. Waccan matar kuwa aka kira ta karɓi zane a madadin "iyayen ƙungiya". Ni ina benci na uku.

Mako mai zuwa, auren, in Ubangiji ya yarda.