Na fara hawan doki ina da shekara 41

Ni na kawo shawarar mu je yawon doki a daji, ni ne kuma cikina ya fara ɗurar ruwa da muka isa barga. Mu uku ne, ni da maman yara da 'yarmu mai shekara 9, babu wanda ya taɓa ɗora ƙafa a likkafa. Daga nesa doki abin sha'awa ne, amma da na tsaya gefen dabba mai nauyin kilo kusan 450, sai jikina ya yi sanyi.

Jagoranmu bai bar mu mun hau nan take ba. Ya raba mana hular kwano, ya duba takalman kowa, ya tambayi nauyinmu, domin ana so abin da doki zai ɗauka, har da sirdi, kada ya wuce kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa. Ya nuna mana cewa idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan ko'ina ban da daidai gaban goshinsa da bayan wutsiyarsa. Saboda haka ta kafaɗa ake tunkararsa, ana yi masa magana. Tsawon likkafa kuwa da hannuna ya auna, daga yatsu zuwa hammata.

An ba ni wani kili mai sanyin hali, na hau ta hagu kamar yadda aka saba. Minti 10 da fitarmu jagora ya tsayar da mu ya sake ɗaure wa kowane doki majayi. Ashe wasunsu kumbura ciki suke yi lokacin ɗaura sirdi, in an fara tafiya sai ɗaurin ya saki.

Muka bi sahu ɗaya, jagora a gaba, tsakanin kowane doki da na gabansa tazarar tsawon doki guda. Tafiya ce ta hankali, kilomita 6 ko makamancin haka a awa, amma ni na ƙanƙame linzami, na matse cikin dokin da ƙafafuna kamar za a ƙwace mini shi. Kilin ya riƙa kaɗa kai, ya yi gaba ya tsaya, ya sake yin gaba. Na ce wa jagora dokin nan fitinanne ne.

Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Malam, ƙafarka tana ce masa tafi, hannunka yana ce masa tsaya. Wanne zai bi?"

Kafin in amsa 'yata ta ɗaga murya daga gaba: "Baba, ka yi numfashi mana!" Ita tana zaune daram a kan goɗiyarta, linzami a sake, ƙugunta yana bin takun dabbar. Kunya ta kama ni, na sassauta hannu, na saukar da dunduniya ƙasa, na daina kallon gezarsa na koma kallon hanya. Nan da nan kilin ya natsu. Dabbar da ke jin saukar ƙuda a fatarta, ta yaya za ta kasa jin mutum ya sandare a bayanta?

Daga nan ne na fara ganin dajin. A kan doki ido yana tsallake ciyayi, tsuntsaye ma ba su cika firgita ba. Wajen hawan tudu muka ɗan sunkuya gaba, wajen gangara muka kwanta baya kaɗan muka bar dawakan su zaɓi wurin sa kofato, don sun fi mu sanin hanyar. Sau ɗaya dokin maman yara ya matso kusa da nawa, kilin ya kwantar da kunnuwa baya, alamar shuri na tafe. Ta ja nata baya, aka wuce lafiya. Ciyawa kuwa na bar shi ya fizga sau ɗaya don tausayi, daga nan kowane ganye sai ya tsaya, har jagora ya yi mini magana.

Da muka juyo gida dawakan suka ƙara sauri da kansu, sun san barga suka nufa. Nawa ya ɗan taɓa sassarfa, na yi ta bubbuga sirdi kamar buhu kafin in tuna in zauna sosai in ja linzami a hankali. Awa ɗaya da rabi muka yi. Da na sauka gwiwoyina suka ƙi miƙewa, na dafa kafaɗar kilin na ɗan tsaya, shi kuma ya juyo yana shinshinar aljihuna.