Prince of Persia na 1989: na DOS, na NES da na Super Nintendo ba abu ɗaya ba ne

Duk wanda ya ce maka ya gama gem ɗin bidiyo na Prince of Persia, fara tambayarsa a kan wace na'ura ya buga. Sunan ɗaya ne, amma yawan matakai, lokacin da aka bayar, har da yadda yariman ke amsa maɓalli, kowace na'ura da nata.

Jordan Mechner ne ya rubuta gem ɗin a kan kwamfutar Apple II, kamfanin Broderbund ya fitar da shi a Amurka a 1989. Waziri Jaffar ya ba gimbiya sa'a guda, ko ta aure shi ko ta mutu, kai kuma, yariman da zai cece ta, an jefa ka kurkuku. Matakai 12 ne, cikin minti 60 na agogon gaske. Idan ka mutu ba a cewa wasa ya ƙare, ana mayar da kai baya ne kawai, agogo kuwa bai tsaya jiranka ba. Saboda haka lokaci ne ke kayar da yawancin mutane, ba dogarai ba.

Abin da ya kamata a gane kafin a kwatanta kowane kashi da wani shi ne yadda motsin yake. Mechner ya ɗauki ƙanensa David a bidiyo yana gudu da tsalle cikin fararen kaya, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya zana. Shi ya sa motsin ya yi kama da na mutum, kuma shi ya sa yariman ba ya juyawa nan take kamar Mario: sai ya ƙarasa takun da ya fara. Kowane allo tayil (falon daɓen ƙasa) 10 ne a kwance, hawa 3 a tsaye, komai kuma da ƙa'idarsa. Tsalle daga tsaye yana haye ramin tayil 2, tsalle da gudu yana haye 3, idan ka riƙe maɓallin kama baki za ka iya cafke gefen da ya ɗan fi haka nisa. Faɗowa hawa ɗaya ba komai, hawa biyu ka rasa ɗigon rai ɗaya cikin ukun da ka fara da su, hawa uku kuwa sai gawa. Kuskuren sabon shiga shi ne jira sai ya kai bakin rami kafin ya danna tsalle. A danna tun da sauran taku ɗaya ko biyu, gem ɗin da kansa zai daidaita ƙafar da bakin ramin. Tsinin ƙarfen da ke fitowa daga ƙasa kuma ba ya kashe mai tafiya a hankali, mai gudu da mai dirowa a kai yake kashewa.

Na Apple II yana buƙatar memori 128K, injinsa kuma 6502 ne mai gudun kusan 1 MHz, don haka yakan ja ƙafa idan abubuwa suka yi yawa a allo. Ƙarancin wurin nan ne ya haifi abokin gaba mafi kyau a gem ɗin. Babu sararin zana sabon mutum, sai Mechner ya ɗauki hotunan yariman ya ɗora su a kan kansu tare da ɗan gocewa, Inuwa ta fito. Ita ce ke fita daga madubi a mataki na 4, ta shanye maka magani a na 5, ta rufe maka ƙofa a na 6. A na 12 duk saran da ka yi mata kai ma yana cin ranka. Mafita ita ce ka mayar da takobi kube, ka nufe ta ku haɗe.

A ganina wanda ya fi dacewa a fara da shi shi ne na DOS, tsohon tsarin kwamfutar PC, na 1990. Matakansa na asali ne, hotonsa na VGA ne 320 da 200, ga ƙarar takobi da ta ƙofar ƙarfe idan akwai katin sauti na Sound Blaster. A kwamfutar yau da DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, ake tayar da shi. A ce fayilolin suna cikin c:\gem\prince, sai ka rubuta mount c c:\gem, sannan c:, sannan cd prince, sannan prince. Maɓallan kibiya na tafiya ne. Shift shi ne komai: taku a hankali, kama baki, ɗaukar kwalba, sara. A faɗa kibiyar sama karewa ce, ta ƙasa mayar da takobi, kuma ita ce ke jawo mutuwar banza, domin sara ɗaya ke kashe wanda ba takobi a hannunsa komai yawan ransa. Space yana nuna sauran minti, Ctrl+A yana sake matakin, Ctrl+G yana adana wasa amma sai daga mataki na 3.

Matsaloli uku ne suka fi damun masu buga shi yanzu. Idan ka danna Shift sau biyar a jere, Windows zai ɓullo da tambayar Sticky Keys a tsakiyar faɗa, don haka a kashe ta tun kafin a fara. Na biyu, yariman zai fito gajere mai faɗi idan ba a sa aspect=true a fayil ɗin saitin DOSBox ba, domin an zana hoton ne don tsohon allo mai 4:3. Na uku, bayan mataki na 1 akwai ɗakin kwalabe masu haruffa, inda za a ce ka duba shafi kaza, layi kaza, kalma kaza a littafin da ke zuwa da faifan, ka sha kwalbar harafin farko. Kariya ce daga masu kwafi, kuma kwalbar da ba daidai ba tana rage rai. Wanda ba ya son wahalar DOSBox sai ya nemi SDLPoP, wanda aka gina daga na DOS ɗin, yana tashi kai tsaye a Windows da Linux.

Na NES, tsohuwar na'urar gem ta Nintendo, wanda Virgin ta fitar a 1992, ya yi ƙoƙari amma faɗin allonsa ɗigo 256 ne, ɗaki ba ya shiga gaba ɗaya, sai hoton ya riƙa zamewa hagu da dama. A gem ɗin da ake ƙirga tayil da ido kafin a yi tsalle, wannan ba ƙaramar illa ba ce. Na Master System da na Mega Drive, na'urorin Sega, daga kamfanin Domark suke. Na Mega Drive ya fi ado, na Turai ma yana da ƙarin matakai huɗu da babu a na Amurka, sai dai maɓallinsa yana da nauyin amsawa, faɗa yakan koma sa'a. Na Macintosh na 1992 an sake zana shi da hoto mai laushi, aka sa wa yariman rawani da 'yar shara.

Na Super Nintendo kuwa wani gem ne daban da ya ari sunan. Kamfanin Arsys na Japan ne ya yi shi a 1992, Konami ta fitar da shi a Amurka da Turai. Matakai 20 ne, lokaci minti 120, an faɗaɗa tsofaffin ɗakuna, an ƙara sababbin tarkuna da manyan abokan gaba da kiɗa a kowane mataki, ana kuma ci gaba da kalmar sirri. Da yawa suna ɗaukarsa mafi kyau duka, kuma suna da hujja. Sai dai wanda ya haddace hanyoyin na DOS kada ya shiga da gadara, taswirar da ke kansa za ta kai shi rami.

Ba a daina kai shi sababbin wurare ba. A 2011 wani mai sha'awa ya fitar da na Commodore 64, a 2012 Mechner ya sa ainihin rubutun manhajar na Apple II a shafin intanet na GitHub bayan an gano tsofaffin faifansa, daga nan aka yi na kwamfutar BBC Master a 2018.

Ga mai son bugawa a kan ainihin na'ura a Najeriya, a duba adafta kafin komai. Na'urar da aka yi wa Amurka wutar 120 take sha, ta Japan 100, tamu kuwa 230 ce, idan aka jona kai tsaye adaftar ta ƙone. Kaset ɗin Super Nintendo na Turai ba ya tashi a na'urar Amurka saboda guntun kulle da ke ciki. Na'urar Amurka kuma siginar NTSC take fitarwa, tsohuwar talabijin mai PAL kaɗai za ta nuna ta fari da baƙi ko hoton ya riƙa birgima, sai an samu mai karɓar duka biyun.