Tumatirin ya fara ƙulla 'ya'ya, bayan kwana 12 a ƙarƙashin ragar inuwa

'Yan'uwa masu lambun bayan gida, yau da asuba na ƙirga 'ya'ya 17 da suka ƙulla a tumatirin nan na cikin buhuna, kowanne bai fi ƙwayar gujiya ba. Alhamdu lillahi! Tun farkon Maris fure kawai nake sharewa a ƙasa, abin ya ishe ni.

Buhu 24 ne a nan Kubwa, Abuja, irin tumatir biyu na shuka, rabi UC82B, rabi Cobra F1. Na yi dashe a ƙarshen Janairu, sai furen ya faɗo daidai tsakiyar bazara. Ma'aunin zafin da na rataye a tsayin furen yana kai digiri 37 zuwa 38 da ƙarfe biyu na rana, da dare kuma bai taɓa sauka ƙasa da 24 ba. Shi kuwa tumatir, da zarar rana ta haura 32, dare ya haura 21, ƙullin 'ya'yansa ya fara lalacewa. Na daren nan shi ne mugun. Shuka ba ta samun hutu, abincin da ganye ya haɗa da rana sai ta ƙone shi kafin gari ya waye, fure ya tashi da yunwa.

Ku duba wanda ya faɗi da kyau. Akwai 'yar gaɓa a tsinken furen, nan take fara yin rawaya, kwana biyu ta ɓalle. Ba tsutsa, ba tabo, don haka kada ku ɓata kuɗi a maganin ƙwari. Kada kuma ku ƙara takin yuriya, ganye za ta ƙara muku, zubar furen ta ƙaru.

Na gwada garin furen, wato ƙurar nan da ke sa fure ya ƙulla ɗa, wajen ƙarfe tara na safe: na tara baƙar takarda, na ɗan ƙyasta furen da yatsa. Lafiyayye yakan zubo da ƙura mai ruwan ƙwai, nawa kuwa da ƙyar ake ganin komai. A UC82B har wata matsala ta biyu na gani, tsinken mace ya yi tsawo ya leƙo waje daga cikin kwanson maza, to garin ma in akwai shi ba zai sauka a kansa ba.

Sai na kafa ragar inuwa mai tare kashi 40 cikin ɗari, kimanin mita ɗaya sama da kan shukar, gefe duk a buɗe don iska ta ratsa. Kuɗinta ya yi mini ciwo, ya fi na iri da taki a haɗe. Na janye buhunan daga jikin katangar yamma, domin bulo yana shan rana yini guda ya yi ta amayar da ita har tsakar dare. Baƙaƙen buhunan na naɗe su da fararen buhunan shinkafa, na zuba ɓuntu kaurin yatsa uku a gindi, ban ruwa kuma da asuba, a ƙoshe, sai ɗan ƙari da la'asar in ƙasa ta bushe.

Kwana goma cur, fure bai daina zuba ba. Nan ne mutum yake yanke ƙauna ya kwance ragar, kuma kuskure ne. Lokacin da zafi ya fi illata fure shi ne wajen kwana 8 zuwa 13 kafin ya buɗe, yana ɗan toho ƙanƙane, garin yana haɗuwa a ciki. Furen da ya faɗi yau tun makon jiya aka gama da shi. Wanda raga za ta ceta shi ne tohon da ko ganinsa ba ka yi sosai ranar da ka kafa ta. A rana ta 12 na ga zangarniyar farko ta riƙe, gaɓar tana nan kore shar, gindin furen ya kumbura. Yanzu kullum da hantsi nakan girgiza sandunan a hankali don garin ya zuba.

Cikin 17 ɗin nan, 15 na Cobra ne. Iri yana da tasiri ƙwarai, amma ko Cobra mai jure zafi sai da aka rage masa rana.

Saura batun launi. Jan tumatir ba ya fitowa sosai in zafi ya wuce digiri 30, sai ya tsaya ruwan lemo, kafaɗa rawaya. Shi ya sa na Jos yake zuwa jajawur, can tudu ne, dare akwai sanyi. Nawa zan tsinke su da zarar gindi ya fara sauya launi, su ƙarasa nuna a ɗaki mai sanyi. Ba zan rage ganyen da ke lulluɓe da 'ya'ya ba, kada rana ta ƙona musu gefe ya yi fari.

UC82B na ba shi mako guda. In bai riƙe ba zan tuge, in ajiye sauran irin sai Oktoba, yadda furensa zai faɗo cikin hunturu.