Spitfire ɗina na farko da layin da ya ƙi ɓuya

Ranar da na buɗe kwalin, abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne kujerar matuƙi, wadda ba ta kai farcen babban yatsana ba. Samfurin roba ne na jirgin yaƙin Spitfire, ƙirar farko, irin wanda Birtaniya ta kare sararin samaniyarta da shi a 1940. Ma'auninsa ɗaya bisa 48 ne, wato fukafukan da suka ɗan haura mita 11 a jirgin gaske sun dawo kamar santimita 23 a hannuna. Saboda fukafukan nan masu lanƙwasa kamar ganye na zaɓe shi. R. J. Mitchell, wanda ya jagoranci ƙirarsa, ya ga tashinsa na farko a 1936, ya rasu a 1937, bai ga Yaƙin Duniya na Biyu da jirgin ya yi suna a ciki ba. Wannan ya tsaya mini a rai har na gama aikin.

Da ɗakin matuƙi ake farawa, domin da zarar an haɗe ɓarin jikin biyu hannu ba ya sake kaiwa ciki. Dare uku na yi ina shafa masa kore mai ratsin toka, ina ɗiga wa agogunan gaba farin fenti da tsinke. Yanzu da ƙyar ake hango rabinsu, amma ban yi da-na-sani ba.

Wajen haɗe jikin ne na yi kuskuren da ya fi cin lokacina. Ban san cewa gam ɗin roba narkar da ita yake yi har ɓangarorin su zama abu ɗaya ba. Na zuba da yawa, ya tsatso, na sa yatsa, sai ga zanen yatsana a bayan jirgin. Na goge shi sama-sama. Akwai kuma siririn layi daga hanci har wutsiya, inda ɓarin biyu suka haɗu, na ce ai fenti zai rufe. Bai rufe ba. Shafar farko ma ƙara fito da shi ta yi, kamar an ja shi da biro. Dole na kankare fentin, na cike ramin da fila, wato ƙullun toshe rami, na jira ta bushe, na bi ta da sanfefa mai lamba 400, sannan masu ƙarin laushi, 600 da 1000, da ɗan ruwa. Gugar ta cinye zanen faifan ƙarfen da ke jikin jirgin, na sake fitar da su da bakin allura. Tun daga nan ba na ɗaukar burushi sai na haska wurin da tocila daga gefe, domin hasken gefe ne ke tona duk wani rami.

Gilashin matuƙi kuwa da sufa gulu na manna shi, tururinsa ya sa ya yi fari fat kamar hazo. Allah ya taimake ni akwai na biyu a kwalin. Farin gam na katako na sa masa, wanda ke bushewa garau.

Launi sai da na yi bincike. Jiragen bazarar 1940 kore mai duhu da ruwan ƙasa ne a sama, ƙasansu kuma wani launi mai haske tsakanin kore da shuɗi. Ruwan tokar da aka fi gani a hotuna a 1941 ya shigo. Na tsinka fentin har ya koma kamar madara, na yi shafa uku. Ta farko munin gani gare ta, roba na leƙowa ta ko'ina, kuma a nan ne zuciya ke cewa a ƙara kauri. Kada a biye mata. Kafin manna tamburan jirgin na shafa fenti garau mai ƙyalli, don idan fentin na da kaushi iska na maƙalewa a ƙarƙashinsu, gefensu ya riƙa walƙiya kamar azurfa.

Aikin da na fi jin daɗinsa shi ne tsufar da jirgin. A ganina mutane da yawa suna wuce gona da iri, su mai da shi kamar wanda aka tono daga juji, alhali yawancin jiragen 1940 ba su daɗe da fitowa daga masana'anta ba. Hotunan lokacin na bi. Ƙofar matuƙi a hagu take, don haka gindin fiffiken hagu kaɗai na ɗan kankare da fensir mai ruwan azurfa, inda takalma ke takawa. Na ja baƙin hayaƙi siriri a bayan salansar injin Merlin. Bindigogin Browning takwas ne a fukafukan, kuma makanikai kan liƙe bakin kowace da jan ƙyalle don kare ta daga ƙura da sanyin sama, harsashin farko ne ke huda shi. Na daɗe riƙe da allura ina shawara. A ƙarshe na bar duka takwas ɗin a liƙe, jirgin da aka gama shiryawa da asuba, matuƙinsa bai riga ya fito ba.