Abin da lissafin kabon ba ya gani

A aikin kare daji don sayar da kabon, wato a hana sarar itatuwa don kada iskar kabon mai ɗumama duniya ta fita, sannan a sayar da shaidar hakan, ma'aunin iska a fili yake: tan ɗaya da aka hana fita, takardar shaida ɗaya. Auna abin da ya samu mutanen da ke ci daga dajin shi ne mai wuya, kuma nan masu tantancewa suka fi tuntuɓe.

Tuntuɓen farko shi ne zuwa a makare. Idan an riga an shata iyaka an zuba masu gadi, sannan aka zo ana tambayar yadda ake rayuwa a da, ba za a samu gaskiya ba. Mai sa ran diyya zai ƙara gishiri, mai tsoron kamu kuma zai rantse bai taɓa sarar ko reshe ba. Bayanan tushe, wato na yadda ake rayuwa tun asali, kafin a fara aiki ake tattara su.

Sai maganar kuɗin shiga, wadda ta fi cin mutane. Ka tambayi magidanci nawa yake samu daga daji, zai ce ba komai, kuma ba ƙarya ya yi ba, don bai sayar da komai ba. Amma ga damin itace jingine a bayan ɗaki, ga ciyawar rufi, ga saiwar magani, ga dabbobi sun dawo da ciki cike. Ranar da aka rufe dajin, duk wannan sai an saya. Binciken da cibiyar binciken dazuzzuka ta ƙasa da ƙasa, CIFOR, ta jagoranta a gidaje kusan 8,000 cikin ƙasashe 24, wanda aka buga a 2014, ya gano kusan kashi 28 cikin ɗari na dukan abin da gidajen ke samu yana fitowa ne daga daji da sauran albarkatun muhalli. Don haka kowane abu a tambayi yawansa da ma'aunin da mutane suka saba, dami ko kwando, a auna 'yan samfura a sikeli, sannan a yi masa kuɗi da farashin kasuwa mafi kusa. Kayan yau da kullum kada tambayarsu ta wuce wata ɗaya baya, kuma a koma sau huɗu a shekara, domin an fi dogara da daji lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Maigida kaɗai ba ya isa. Mata ne suka san nisan da aka ƙara musu wajen neman itace, a zauna da su daban. Makiyayan da ke ratsowa shekara-shekara da masu aron gona ba sa cikin rajistar gari, ga shi su ake fara korewa. Ƙa'ida ta 5 ta hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai zuba jari a kamfanoni masu zaman kansu, ta ɗauki toshe wa mutum hanyar abincinsa a matsayin raba shi da muhalli ta fuskar tattalin arziki, ko da bai tashi daga gidansa ba.

Matsakaicin lissafi ma mayaudari ne. Mutum goma su samu aikin gadi, gida ɗari su rasa wurin kiwo, jimilla ta nuna riba. A raba gidaje kashi biyar gwargwadon ƙarfinsu, a duba na ƙasa su kaɗai.

Dole kuma a samu garuruwan kwatance da aikin bai shafa ba, in ba haka ba asarar fari sai a ɗora wa aikin, albarkar damina kuma ya karɓe yabonta. Sai dai kada a ɗauki garuruwan bakin iyakar dajin: can masu saran itace da garkunan da aka hana shiga suke komawa, sai garin ya tashi daga abin kwatance ya zama wanda abin ya shafa.